Katin Awa Ashirin da Huɗu

Mijin yayata, Manase, shekararsa goma sha tara a Sydney, amma in ka cire hanyar siton da yake tuƙa motar ɗaga kaya, da hanyar coci, da shagon mai haƙarƙarin rago na unguwarsu Blacktown, to ka gama da Sydney ɗin da ya sani. Bakin ruwa sau biyu ya taɓa zuwa, ɗaya ma ɓatan hanya ne ya kai shi. Amma je ka ji shi ranar Juma'a da yamma a garejinsa, 'yan uwanmu 'yan Tonga sun kewaye kwanon kava, abin shanmu na gargajiya, sai ka rantse shi ya ja layin titunan garin da hannunsa.

A wannan Juma'ar abin ya fi na kullum, don katuna uku ya zaro daga aljihu ya jera a kan tebur kamar mai shirin duba.

"Wannan da kuke gani," in ji shi, "garin ne gaba ɗaya. Gidan kifi, hasumiya, gidan namun daji, gidan mutum-mutumi, bas marar rufi, jirgin ruwa, da sauransu, wuri tara cif cikin awa ashirin da huɗu. Ka shiga huɗu, kuɗinka ya fita. Daga na biyar kai ke cin su. Ni kuwa tara zan yi. Gobe masu katin nan sai sun yi kuka."

Tsoho Hopoate, maƙwabcinsu, ya kurɓi kava ya goge baki. "Manase, ba kai ne ka ɓata a wurin ajiye motocin kasuwa har aka kira sunanka a lasifika ba?"

"Wannan laifin masu fenti ne, sun sake launin ginshiƙai."

"To Allah ya sa ba su sake launin teku ba."

Aka kwashe da dariya. Ni Fusi, ƙanwar matarsa, ina bakin ƙofa da tiren kofuna, kuma ni kaɗai a wurin na san abin da ya sa mutumin da ke wanke ledar burodi ya adana ya zubar da kuɗi haka.

Bayan 'ya'ya mata huɗu, yayata Seini ta haifi namiji. Mu kuwa uba ba ya raɗa wa ɗansa suna, gwaggon yaro ce ke raɗawa. Abin da ta faɗa gaban fasto ranar Lahadi shi ne, ko sarki ba ya gogewa. Gwaggon nan kuwa ita ce Yaya Lesieli, babbar yayar Manase, wadda ta sauka daga tsibiran Ha'apai na can gida Tonga ranar Alhamis. Matar an san hannunta a suna. Ɗan wani ƙaninsu da aka haifa ranar da aka kawo injin wuta ƙauyensu, Misini ta sa masa, wato inji, kuma yau ga shi lauya ne da gemu, Misini ake kiransa a kotu.

Manase kuwa sunansa yake so. Ya so abin har ya kasa barci, har ya je a ɓoye aka buga masa riguna arba'in da hoton jaririn, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: BARKA DA ZUWA MANASE ƘARAMI. Talatin da tara suna cikin but ɗin motarsa ƙarƙashin tayar safaya. Ɗayar tana jikinsa, ƙarƙashin rigar fita, wai yana so ya riƙa jin sunan a ƙirjinsa.

"In Yaya ta ga irin girman da na yi a garin nan," ya ce da ni da muka keɓe, "da kanta za ta ce ba sunan da ya dace da yaron sai nawa."

"In kuma ta ga rigar fa?"

"Bakinki ya sari dutse. Wa zai tuɓe ni?"

Kati na uku nawa ne, kuma ba don ƙauna ba. Namiji a wurinmu ba ya zama kujera ɗaya da 'yar'uwarsa, ba ya ɗaga mata murya, balle ya ce mata tashi mu tafi. Sai an sami mai kai saƙo a tsakani. Ni ce mai kai saƙon.

Takardar da Manase ya tsara ta ce a bar gida ƙarfe bakwai. Ƙarfe bakwai ɗin Yaya Lesieli ta ce a yi addu'ar tafiya. Ta ɗauko waƙar coci mai baiti tara, ta rera duka, ta maimaita na ƙarshe don ba a amsa da kyau ba. Sannan ta yi wa matuƙin jirgin da ya kawo ta addu'a, da matarsa, da masunta, da mutanen da ke asibiti, har da wanda ya ɗauke mata akwati. Manase na durƙushe ido rufe, amma ina ganin agogonsa yana leƙowa daga ƙarƙashin hannu.

Da aka shafa ta ce, "Ina guzuri?"

"Fusi, gaya wa Yaya akwai wuraren cin abinci a can."

"Yaya, wai akwai wuraren cin abinci a can."

"Gaya masa ban taso daga Ha'apai don in ci burodi mai sanyi ba."

Aka cika babbar kula da doya da rogo da ƙunshin ganyen gwaza mai naman rago da madarar kwakwa. Manase ya ɗaura tabarmar da mu 'yan Tonga ke ɗaurawa a ƙugu don girmamawa, ya saɓa kular a kafaɗa, muka fito tara saura. A tasha muka tarar an rataya allo: ana gyaran hanyar jirgi wannan Asabar, a hau bas. Bas ɗin kuwa babu lungun da bai leƙa ba.

"Na san da wannan," in ji Manase, gumi na bin wuyansa. "Na sa shi cikin tsari."

Sha biyu ta wuce muka isa gindin hasumiya. Manase ya gyara tabarma, ya miƙa wa yarinyar da ke teburin katunan da yatsu biyu, yana kallon sama.

"Ƙarfe nawa kuka kama wuri?" ta tambaya.

"Wane kama wuri? Ni mai kati ne."

"Masu kati ma sai sun kama lokaci tun kafin su zo, yana rubuce a baya. Yau ta cika. Akwai gobe da goma na safe, katinku zai kai."

Gobe! Na dubi Manase, ya dube ni. Gobe Lahadi. Ɗan Tonga ko shara ba ya yi ranar Lahadi, balle hawa bene kallon gari, ga kuma baftismar ɗansa. Sai a lokacin ya gane awa ashirin da huɗunsa nan da ƙarfe biyar za su ƙare.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Gaya wa Yaya yau akwai gajimare a sama, ba a ganin komai. Na fasa."

Yaya ta ɗaga kai ta dubi sama, tas kamar an wanke faranti. Ta gyara zane, muka yi gaba.

A gidan kifi dai na'ura ta karɓi katunanmu, ta yi ƙit sau uku, Manase ya lumshe ido kamar an sa masa zuma a baki. Tsarinsa ya ba wurin minti ashirin. Ya manta Yaya matar masunci ce shekara talatin. Ta tsaya gaban gilashin farko ta kama ƙugu.

"Wannan da ɗanye ya fi daɗi, da lemun tsami da kwakwa. Wancan gashi. Wannan mai jan ciki kada ki kuskura, ya kwantar da mijina sati biyu. Fusi, tambaye shi a ina ake zaɓa a auna."

"Yaya, ba a sayarwa. Kallo ake yi."

"Kallo? Kuɗi ya biya don in kalli kifin da ba za a ci ba? Ikon Allah! Da na sani da na zo masa da bokiti guda, ya biya ni."

Wasu Turawa a gefe suka ga tana nuni tana bayani, suka matso. Kafin ka ce me, ta tara mutum goma suna biye da ita daga gilashi zuwa gilashi, ni ina fassara. Manase na bayanmu da kula yana tafasa.

"Fusi, ce mata lokaci."

"Kai ka ce mata."

"Ke dai Allah ya isa tsakanina da ke."

Muna gab da fita, har ya fara murmushi, sai mai gadin ƙofar, wani ƙaton saurayi, ya ga tabarmar ƙugunmu ya rusuna ya gaishe mu da harshen gida. Shi ke nan. Yaya ta tambaye shi sunansa, ya ce Lopeti. Ɗan wa? Jikan wa? Ashe kakarsa ce ta yi wa Yaya kitson aure. Aka rungume, aka yi kuka, aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu a yi shiru, wanda ya yi aure a yi guɗa. Lopeti ya ce uwarsa ba za ta yafe masa ba in ba ta ga Yaya ba. Ya ce akwai lambun gwamnati a bakin ruwa, ciyawa shimfiɗe, shiga kyauta, mu haɗu can ƙarfe huɗu.

Kalmar kyauta ta soki Manase har sai da ya sauya wa kula kafaɗa.

Ƙarfe biyu muka fito, wuri ɗaya cikin tara. Gidan mutum-mutumi na nan kusa, da ƙafa ma an isa. Amma Manase ya ce wa zai taka ƙasa alhali ya biya kuɗin bas? Muka hau bas marar rufi, can sama. Ba a yi minti biyar ba muka gane zagaye ɗaya yake yi, kuma wurin da muke nema shi ne zangon ƙarshe, sai ya kewaye gari kaf.

Manase bai karaya ba. Ya miƙe tsaye a gaba, ya ce kowa ya cire abin kunnen da ake jin bayani da shi, shi zai yi bayani.

"Wancan ginin da kuke gani, fadar gwamna ce, shekararta ɗari biyu."

Wata tsohuwa 'yar gari ta ce, "Wurin ajiye motoci ne, ɗana."

"Da can fadar ce. Wancan kuma babbar kotu."

"Tashar jirgi ce. Ga mutane na fitowa da akwatuna."

"Waɗanda aka sallama ne."

Direba ya yi magana ta lasifika, ya ce mai tabarma ya zauna. Manase ya ɗaga takardar tsarinsa zai yi gardama, reshen bishiya ya shafo kansa, iska ta fizge takardar. Muna kallo ta yi sama, ta sauka kan rufin wata tasi, ta bi wata hanyar.

Yaya kuwa tun zango na biyu barci ya kwashe ta, iska na kaɗa ta, har da ɗan minshari. Muka wuce babbar gada, muka wuce farin ginin nan mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa da kowa ke zuwa ɗaukar hoto, duk tana barci.

"Fusi, tashe ta! Ga gadar! Kuɗi ne ke wucewa!"

"In tashi Yaya Lesieli daga barci? Ni ma ina son ranar aurena ta zo."

Ta farka daidai bakin lambun, kamar an saita ta. Ta yi miƙa ta ce rabonta da barci mai daɗi haka tun rasuwar mijinta, a nan za mu sauka. Muka tarar da Lopeti da uwarsa, da ƙannen uwarsa, da wasu da suka ji labari a waya. An shimfiɗa tabarmi, har da mai jita. Aka buɗe kula, ƙamshi ya tashi, tsuntsayen nan masu dogon baki masu tonon bola suka fara taruwa suna zagaye mu kamar 'yan biki.

Huɗu da kwata. Wuri biyu. Manase ya tsaya a gefe yana motsa leɓe, sai na ga idonsa ya yi wani haske da na sani, irin na ranar da ya ce zai gyara injin wanki da kansa.

"Ba ni katinki da na Yaya."

"Me za ka yi?"

"Na'ura ba ta san fuska ba, ƙit kawai ta sani."

Ya karɓe ya zura da gudu, tabarma na kaɗawa. Yaya ta bi shi da kallo, ta ce, "Bi shi, Fusi. Tun yana yaro in ya yi irin wannan gudun sai an nemo shi."

Na same shi a bakin jirgin ruwa, an janye katakon hawa, yana yi wa matuƙin bayanin cewa kakanninsa sun ƙetare teku ba taswira. Jirgin ya tafi. Ya juya ya nufi gidan mutum-mutumi, ina binsa ina haki.

A ƙofar akwai ƙarfen nan mai juyawa da ke barin mutum ɗaya ya wuce. Ya ɗora katinsa, ƙit, ya shiga. Bai kalli mutum-mutumi ko ɗaya ba, ya bi ta ƙofar fita, ya dawo layi. Ya ɗora nawa, ƙit, ya shiga, ya fito. Ma'aikaciyar ta bi shi da ido.

"Yallaɓai, ba kai ne yanzu ka shiga ba?"

"Mu 'yan Tonga kama muke yi."

Ya ɗora na Yaya, ƙit, ya danna da ƙarfi don ya wuce kafin ta ƙara magana. Igiyar tabarmarsa ta naɗe a ƙarfen. Ya ja gaba, ƙarfen ya ja baya. Ya juya, ƙarfen ya ci gefen rigarsa. Mutum mai nauyin buhu biyu da rabi ya maƙale a ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba shiga ba fita, layi ya taru har titi.

"Kowa ya kwantar da hankali!" yake cewa. "Na san irin injin nan, da shi nake aiki!"

Ya tsaya cak yana tunanin dabara, hannu ɗaya a sama. Wasu baƙi da suka iso a lokacin suka ɗauka shi ne mutum-mutumin farko, mata biyu suka tsaya gefensa aka ɗauke su hoto. Da ya ce musu sannu, ɗayar ta kurma ihu ta yar da jaka.

Sai da masu gadi biyu suka kama shi, na uku ya kawo almakashi. Aka ja, aka ji kyaaat, rigar fita ta rabu biyu ta zauna a jikin ƙarfen. Manajan wurin ya dubi katuna uku, ya dubi Manase, dariya ta ci ƙarfinsa, ya ce ya tafi kawai, Allah ya kiyaye hanya.

A hanyar komawa, wallahi sau biyu na yi ƙoƙarin gaya masa.

"Manase, rigarka..."

"Yi min shiru, ina tunani. Na ukun ya yi ƙara ko bai yi ba?"

"Ya yi. Amma ƙirjinka..."

"To kati uku, wuri uku. Uku sau uku nawa? Tara! Fusi, tara! Na ce tara zan yi ko ban ce ba?"

Haka ya shiga lambun, ƙirji a gaba, takalmi ɗaya a hannu. Mutanen sun kai talatin yanzu, har Tsoho Hopoate ya iso da matarsa, don labari ya kai Blacktown. Ana cikin waƙa, Manase ya tsaya tsakiyar fili ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, tara cif!"

Jita ta yi shiru. Yaya Lesieli ta ajiye doyar da ke hannunta, ta ɗauko tabarau daga jaka, ta goge shi da gefen zane, ta saka. Ta karanta a hankali, baƙi bayan baƙi, yadda kowa zai ji.

"Barka... da zuwa... Manase... Ƙarami."

Manase ya dubi ƙirjinsa. Ya rufe da hannu biyu, amma ina, hoton jaririn na leƙowa ta tsakanin yatsunsa.

"Fusi," in ji Yaya, "tambaye shi wa ya raɗa."

Ba ta jira in tambaya ba, ta ci gaba.

"Ashe an gama aikin da na hau jirgi biyu don shi. To madalla. Guda nawa aka buga?"

"Arba'in," in ji Hopoate. "Ɗan ƙanwata ne ya buga."

"Ku ba shi abinci," ta ce, ta cire tabarau. "Ya yi gudu da yawa."

Manase ya zauna can gefen tabarma, an sa masa ƙunshin ganyen gwaza a gaba, ya kasa ɗagawa. Wani tsuntsu mai dogon baki ya zo ya ɗauke, ko korarsa bai yi ba. Gaskiya a nan na ji tausayinsa, don mutumin da gaske yake son yaron nan.

Ranar Lahadi coci ta cika har waje, waɗanda rabonsu da zuwa tun Kirsimeti duk sun zo jin suna. Hopoate ya ce shi ya sa kuɗinsa a kan Ƙarfe-Mai-Juyawa. Manase na tsaye gefen Seini, fuska kamar wanda za a cire wa haƙori.

Fasto ya karɓi jariri ya ce, "Gwaggon yaro, wane suna?"

Yaya ta tashi ba gaggawa. Ta kwance wani ƙunshi da ta zo da shi daga Ha'apai, ta warware lallausar tabarma da ta saƙa da hannunta. A bakin tabarmar, da jan zaren ulu, an saƙa MANASE.

"Wata uku ina saƙa wannan," ta ce, "tun ranar da aka ce namiji ne a cikin. Sunan babanmu ne kafin ya zama na wancan. Da ya zauna a gida ya ba ni shayi, da shi ke nan."

Manase ya fashe da kuka. Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Ban gama ba. Yaro ba ya rasa sunan ranarsa. Manase Tikitetolu."

Wato Manase Tikiti-Uku. Fasto ya ciji leɓe ya zuba ruwa, coci ta ɗauki guɗa da dariya har jaririn ya farka ya taya su. A wurin walima matan coci suka fito da rigunan talatin da tara daga but, suka bi kowace da alƙalamin maka, suka soke ƘARAMI suka rubuta TIKITE. Yaya ta sa tata a kan rigar coci, da ita ta hau jirgi ta koma.

Yau yaron shekararsa bakwai, ba mai kiransa Manase ko a makaranta. Asabar ɗin da ta wuce muna bakin filin rugby, wasan nan da ake gudu da ƙwallo a hannu, ya ɗauki ƙwallo ya zura da irin gudun ubansa, fili duka ya ɗauka, "Tikite! Tikite!" Wani Bature da ke kusa ya tambayi Manase ma'anar sunan. Na ga ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji.

"Wani kati ne na taɓa saya," in ji shi. "Suka ce min awa ashirin da huɗu yake yi. Ka ji shi can, shekara bakwai ke nan yana aiki. Ni ba a cuta ta a ciniki."